RIJIYA TANA NAN KUSA

Karatu: Farawa 21:8-21

Kafin ku ci gaba da wannan shafi, ina roƙonku ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta wurin da aka nuna a sama. Mai iyali ya karanta wa iyalinsa da ƙarfi.

Labarin gidan Ibrahim ne. An yaye Ishaku, aka yi babban biki. A ranar nan ta murna sai kishi ya tashi. Saratu ta nace lalle sai a kori Hajaratu da ɗanta Isma'ilu. Abin ya yi wa Ibrahim zafi ƙwarai, gama yaron jininsa ne. Amma Allah ya ce masa ya bar su su tafi, ya kuma yi masa alkawari a kan yaron. Da sassafe Ibrahim ya ba Hajaratu guzuri da salkar ruwa, ya sallame su. Suka yi ta yawo cikin jejin Biyer-sheba har ruwan ya ƙare. Uwar ta kwantar da yaron a gindin wani ɗan itace, ta ja gefe ta zauna, domin zuciyarta ba ta iya kallon mutuwarsa. A nan ne Allah ya sa hannu. Mala'ika ya kira ta, ya umurce ta ta koma ta ɗaga yaron. Idanunta suka buɗe, sai ga rijiya. Ta ɗebo ta shayar da shi. Yaron ya rayu, ya girma, ya zama gwanin baka.

'Yan'uwa, irin wannan yaro bai ƙare a zamanin Ibrahim ba. Yana nan a Birnin Kudu, yana nan a Gwaram, yana cikin ƙauyukanmu har zuwa iyakar Bauchi. Wani lokaci yana zaune a benci na baya a makarantar Lahadi. Maganata a wannan wata a kansa ce.

MENE NE SAKACI DA YARO?

Idan mutum ya doki yaro har ya karya masa hannu, kowa ya san an yi laifi. Akwai ranar da abin ya faru, akwai jini, akwai shaidu. Sakaci ba haka ya ke ba. Ba shi da rana guda. Yau ba a ba yaro abincin safe ba. Gobe zazzaɓi ya kama shi, ba a kai shi asibiti ba. Jibi ƙazwa ta fito masa, ba wanda ya wanke shi. Shekara ta kewayo, tsararsa suna aji uku, shi ko ƙofar makaranta bai taka ba. Kowane ɗaya cikin waɗannan ƙaramin abu ne a idon mutane. Amma idan suka taru shekara da shekaru, sai su cinye yaro kamar yadda gara ke cin azara. Ana ganin ɗaki a tsaye, sai ranar da ya rufta.

Sai mu yi hankali a nan, kada mu ɗora wa matalauci laifin da ba nasa ba. Babban binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna fiye da yara 6 cikin kowane 10 'yan ƙasa da shekara 5 a Jihar Jigawa sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Iyayen yawancin waɗannan yara suna ƙaunarsu. Rumbu ne ya ƙare tun damina ba ta yi nisa ba, sauro ya yi yawa, uwa da uba suna gona tun safe har yamma. Wannan talauci ne, maganinsa taimako. Hajaratu ma ba ƙin ɗanta ta yi ba, ruwa ne ya ƙare mata.

Amma akwai gidan da tukunya ke tafasa kullum, yaro ɗaya kaɗai ne ba ya ƙoshi. Wane ne shi? Sau da yawa maraya ne wanda uwarsa ta rasu wajen haihuwa, ya faɗa hannun kishiyar uwa. Ko agola ne, wanda mijin uwarsa ba ya son ganinsa. Ko 'yar riƙo ce da aka kawo daga ƙauye da sunan za a sa ta makaranta, ta ƙare a talla da wanke-wanke. Ko kuwa yaro ne gurgu, ko bebe, ko mai farfaɗiya, wanda aka ɓoye a ƙuryar ɗaki don kunya. Ko ɗan mutumin da ya tafi ci-rani Legas shekara uku, ba aike ba saƙo, ko mai shaye-shaye wanda kuɗin riɗinsa ke ƙarewa tun a kasuwa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wanda ya dubi yaran gida guda suna cin abinci, za ya gane wanda aka ware.

Bari mu ɗauki abu huɗu daga labarin nan.

NA FARI: SALKAR RUWA TAKAN ƘARE

Ba mu zargin Ibrahim, gama da umurnin Allah ya sallame su, da alkawarin Allah kuma. Mu kuwa ba wanda Allah ya ce masa ya kori ɗansa. Amma ku lura da guzurin nan. An ba da shi sau ɗaya, a safiya ɗaya, ya kuwa ƙare. Haka yawancin taimakon da hukuma da jama'a ke yi wa yaran da aka yi sakaci da su ya ke.

Dokoki dai muna da su. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta riga ta sa hukunci a kan wanda ya ke riƙe da yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ya wulakanta shi ko ya yi sakaci da shi da gangan. A 2003 Gwamnatin Tarayya ta yi Dokar 'Yancin Yara. Ta ce a kowace shari'a da ta shafi yaro, abin da ya fi masa amfani shi za a sa a gaba. Ta hana sa yara bara da talla. Ta ba da iko a kai yaron da ba shi da mai kula da shi gaban kotu, domin a sa ido a kan gidansu, ko a ba da shi ga wani amintacce. A 2004 aka yi dokar da ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne, tilas ne kuma. Jiharmu ta Jigawa ta yi tata Dokar Kare Yara, gwamna na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, ya sa mata hannu a watan Disamba 2021. Kano ta bi baya a 2023. Mun gode Allah domin waɗannan. Masu mulki bayinsa ne domin alheri, in ji Manzo Bulus cikin Romawa sura 13.

Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Doka tana cikin takarda a Dutse, yaron kuwa yana cikin zauren wani gida a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Ma'aikatan walwalar jama'a kaɗan ne, ƙasa kuwa da faɗi. Ba za su iya leƙa kowace tukunya ba. Galibi sai abu ya fashe, ya shiga rediyo, sa'an nan a zo da motoci, a kama wani, a raba shinkafa da tufafi, a ɗauki hoto, a watse.

Ku tuna da shekarar 2020, sa'ad da cutar korona ta zo. Gwamnonin Arewa suka yi shawara a mai da almajirai jihohinsu na asali. Aka yi ta ɗebo yara cikin manyan motoci. Jigawa ta karɓi ɗaruruwa daga Kano da wasu jihohi, aka ajiye su a sansanin masu yi wa ƙasa hidima, aka gwada su, aka ciyar da su, sa'an nan aka miƙa su ga iyayensu. An yi ƙoƙari. Amma abin da ya fitar da yaran daga gida tun farko yana nan inda ya ke. Ba a daɗe ba aka sake ganin yara da robobin bara a tasha da bakin kasuwa. A 2023 sai da Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma ta musamman domin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Salkar 2020 ta ƙare, yaron yana jeji har yanzu.

Kada wani mai bi ya ce wannan matsalar maƙwabtanmu Musulmi ce. Malamai da yawa a cikinsu suna wa'azi da ƙarfi a kan uban da ya tura ɗa karatu ba guzuri ba ziyara. Mu ma muna da namu: 'yan matan da mu ke turawa aikatau Kano da Jos da Abuja, mu karɓi kuɗin wata, ba mu taɓa zuwa mun ga inda su ke kwana ba. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa.

NA BIYU: ALLAH YANA JIN WANDA BA YA MAGANA

Ku sake duban aya 16 da 17. Wadda aka ce ta ɗaga murya ta yi kuka, uwar ce. Ba a rubuta mana ko kalma ɗaya daga bakin yaron ba. Duk da haka yaron ne aka ce Allah ya ji. Wannan babban abu ne. Yaron da aka daɗe ana sakaci da shi yakan daina kuka, gama ya koyi cewa kuka ba ya kawo kowa. Yakan zauna shiru a gefe. Mutane su ce, "Kai, yaron nan akwai haƙuri." Ma'aikatan asibiti sun san yaron da ya yi shiru haka ya fi mai tsala ihu kusa da kabari.

A watan Agusta 2020 aka ceto wani yaro mai kimanin shekara 10 a Birnin Kebbi. Uwarsa ta rasu. An ɗaure shi a turken dabbobi wajen shekara biyu, har ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa. Da labari ya fita, 'yan sanda suka kama mutanen gidan, aka kai shi asibiti, gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Hukuma ta yi aikinta cikin kwanaki kaɗan. Amma ina tambaya: shekara biyun nan fa? Gidan ba shi da maƙwabta? Ba a yi suna ko biki an shiga ba? Ba mai tallan da ta taɓa yin sallama?

Kada mu ce a ƙasarmu kaɗai a ke haka. Wata yarinya mai suna Victoria Climbie, 'yar ƙasar Kodebuwa, iyayenta suka ba da ita riƙo ga wata 'yar'uwarsu domin ta sami ilimi a Turai. Ta mutu a Landan a watan Fabrairu 2000, tana da shekara 8, da tabo 128 a jikinta, ga yunwa ga sanyi. Ingila ƙasa ce mai arziki, mai ma'aikata da yawa. An kwantar da yarinyar a asibitoci biyu. 'Yan sanda sun san da ita, ofisoshin walwala huɗu sun san da ita. Binciken da gwamnati ta sa Lord Laming ya yi, wanda ya fito a 2003, ya nuna an sami dama wajen sau 12 da za a cece ta, aka bari ta wuce. Kowa ya ɗauka wani ne za ya yi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, an kai yarinyar nan majami'u. Mai riƙonta ta ce aljanu ne ke damunta, aka kuwa yi mata addu'ar fitar da aljanu. Bayin Allah sun ga yarinya a rame, da rauni, suka karɓi maganar babba, ba su tambayi ƙarama ba.

Fastoci da dattawa, ku ji wannan. Idan aka kawo muku yaro aka ce maye ne, ko mai aljanu, ko ɓarawon abinci, ko mai fitsarin kwance da gangan, ku yi addu'a, amma ku buɗe ido. Ku dubi bayansa. Ku dubi ƙafafunsa ko sun kumbura, gashinsa ko ya yi ja ya yi laushi. Ku sa wata dattijuwa ta zauna da shi su biyu ta tambaye shi yaushe rabonsa da abinci. Yaron da ke satar tuwo, sau da yawa yunwa ce malaminsa.

Me ke rufe mana baki? Muna cewa, "Ba ruwana, gidan wani ne." Muna tsoron a ce mana magulmata. Muna tsoron ɓata zumunci, balle idan mai gidan dattijon ekklesiya ne ko mai ba da baiko da yawa. Amma Kayinu ne ya fara cewa ba ruwansa da ɗan'uwansa, kun kuwa san amsar da ya samu. Misalai 24:11-12 ya gargaɗe mu cewa wanda ya ga ana jan mutum zuwa hallaka ya ce bai sani ba, Mai auna zukata ya san ya sani. Kakanninmu ma sun ce ɗa na kowa ne. Ofishin walwala ba shi da kunne a unguwarku sai naku. Idan kun yi shiru, doka ta kurumce.

NA UKU: RIJIYA TANA NAN KUSA

Ku lura da yadda Allah ya yi ceton nan. Bai ɗauke yaron daga hannun uwarsa ya kai shi wani wuri ba. Ya ƙarfafa uwar, ya mai da ita wurin ɗanta, ya nuna mata ruwa. Ba a kuma ce ya haƙa sabuwar rijiya ba. Idanunta ya buɗe. Baƙin ciki da gajiya sun hana ta ganin abin da ke kusa da ita.

Masu aikin kula da yara a duniya sun daɗe kafin su koyi wannan darasi. Da can, da an ga yaro cikin wahala sai a kai shi gidan marayu. A ƙasar Romaniya, bayan faɗuwar mulkin kwaminisanci a 1989, aka tarar da dubban yara a irin waɗannan gidaje, ana ba su abinci amma ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu wasa. Daga baya masana suka bi yara 136 a babban birnin ƙasar. Rabinsu aka ba iyalai riƙo, rabi suka zauna inda su ke. Waɗanda suka shiga iyali, musamman kafin su cika shekara 2, sun fi sauran kaifin hankali da iya zama da mutane. Ashe yaro ba da abinci kaɗai ya ke girma ba, yana bukatar mutum guda wanda ya san sunansa, ya ke kuma jin kukansa da dare. Gidan marayu yana da amfaninsa a ranar da ba wata hanya. Amma mafari shi ne a taimaki uwa, ko kaka, ko gwaggo, su riƙe ɗansu.

Mun ga shaidar wannan a nan kusa da mu. Daga 2014 zuwa 2019 aka yi wani shiri a ƙananan hukumomin Buji, Gagarawa da Kiri Kasamma, da wasu a Zamfara, da kuɗin gwamnatin Ingila, ta hannun ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger. Ana ba mace mai ciki naira 3,500 kowane wata, daga baya aka mai da shi 4,000, har ɗanta ya cika shekara 2, ana kuma koya mata yadda za ta shayar da shi ta ciyar da shi. Waɗansu sun ce matan za su ɓarnatar da kuɗin. Da aka bincika, sai aka tarar abinci suka saya, waɗansu suka kama 'yar sana'a, tsumburewar yara kuma ta ragu. Buji maƙwabciyarmu ce. Matan can ba su fi na Gwaram ko na Birnin Kudu son 'ya'yansu ba. An nuna musu rijiya ne, suka ɗebo.

Waɗanne rijiyoyi ke kusa da mu? Akwai asibitin Gwamnatin Tarayya a Birnin Kudu, akwai ƙananan asibitoci a gundumomi. Allurar rigakafin ƙyanda da sauran cututtukan yara kyauta ce. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan zare mai launi da su ke auna damtsen yaro da shi. Idan ya nuna ja, watau bai kai santimita 11 da rabi ba, tamowa ta yi tsanani, sai a sa yaron a kan abincin nan na cikin leda da a ke yi da gyaɗa da madara da mai da sukari. Cikin 'yan makonni yaron da aka fid da rai da shi yakan tashi ya yi wasa. Abincin nan magani ne. Wanda ya karɓa da sunan ɗansa ya kai kasuwa ya sayar, ko ya ba mai gida ya sha da kunu, ya saci ran yaro, Allah kuwa za ya tambaye shi. Akwai makarantar firamare. Akwai mai unguwa da dagaci da hakimi, waɗanda tun kafin zuwan Turawa su ke sasanta al'amuran gida. Akwai sashen walwalar jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma, akwai Ma'aikatar Harkokin Mata a Dutse.

Gwauruwar da ba ta iya karatu ba, wadda ba ta da kuɗin mota, wadda ke jin tsoron ofis, ba za ta ga waɗannan ba ko da suna bayan gidanta. Aikin mala'ikan nan shi ne ya kira ta da sunanta, ya kawar mata da tsoro, ya nuna mata hanya. 'Yar'uwa ta Zumuntar Mata, wannan aikin ba ya fi ƙarfinki. Ki goya yaron, ki riƙe hannun uwar, ku tafi tare.

NA HUƊU: ALLAH BAI TAFI BAYAN AN SHA RUWA BA

Aya 20 da 21 sun nuna mana Allah ya zauna tare da yaron har ya girma, ya koyi sana'a, ya yi aure. Ciwon da ya ɗauki shekaru yana shiga, ba ya fita rana ɗaya. Basamariyen nan na cikin Luka sura 10, da ya kai mai rauni masauki ya biya, ya yi alkawari za ya komo. Komowar nan ita ce ta fi wuya.

Ga wani labari da ya kamata kowane mai bi ya sani. A birnin Niyok na Amurka akwai wata mace mai suna Etta Wheeler, 'yar ekklesiyar Methodist, mai ziyartar matalauta gida gida. Aka gaya mata akwai wata yarinya 'yar riƙo, Mary Ellen, da a ke kullewa a ɗaki ana duka, ba abinci sosai, ba tufafin sanyi. Ta nemi dabara ta shiga ta gani da idonta. Ta je wurin hukuma, ba wanda ya yarda ya shiga maganar gidan wani. Ba ta gaji ba. Daga ƙarshe ta je wurin Henry Bergh, shugaban ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, shi ya sa lauya aka kai maganar kotu a 1874. Aka fitar da yarinyar. Daga wannan shari'a aka kafa ƙungiyar hana zaluntar yara a 1875, irinta ta fari a duniya. Amma ga abin da na ke so ku riƙe. Da shari'a ta ƙare, Etta ba ta ce ta gama ba. Ta roƙa aka ba danginta yarinyar, uwarta ta riƙe ta, bayan rasuwar uwar kuma 'yar'uwarta ta ci gaba. Mary Ellen ta girma, ta yi aure, ta sa wa 'yarta ta fari suna Etta, ta kuma ɗauki wata marainiya ta riƙe. Ta rasu a 1956 tana da shekara 92. Mace ɗaya mai ziyara, wadda ba ta da ofis ba ta da iko, ita Allah ya mora.

A ƙasarmu ma ekklesiya ba baƙuwa ba ce a wannan aiki. A 1909 gwamnatin Turawa ta miƙa yaran da aka 'yanto daga bauta, waɗanda ta tara a Zungeru, ga mishan ta SUM a Rumasha, can wajen kogin Binuwai, domin a rene su. Abin da iyayenmu cikin bangaskiya suka yi da ɗan abin hannunsu, mu za mu kasa?

ME ZA MU YI?

Ina ba kowace ekklesiya shawara biyar.

1. Ku ƙidaya yaranku. Malamin makarantar Lahadi ya rubuta sunan kowane yaro, da wanda ya ke riƙe da shi. Idan yaro ya yi Lahadi uku ba a gan shi ba, a je gidan. Makiyayin da bai san yawan tumakinsa ba, ba ya sanin ɗaya ta ɓata.

2. Ku yi rumbun ekklesiya. Da kaka kowane gida ya kawo ɗan gero, da wake, da gyaɗa. A ajiye har watan Yuli da Agusta, a raba wa gwauraye da masu riƙon marayu a asirce, kada a kunyata kowa.

3. Ku yi magana da mai gida tukuna, cikin ƙauna, mutum biyu ko uku. Ku tambaye shi abin da ya rasa kafin ku gaya masa abin da ya kasa. Idan rashi ne, ku taimaka. Idan taurin zuciya ne, ku tsauta masa da Maganar Allah, gama 1 Timoti 5:8 ya sa wanda ya ƙi kula da iyalinsa a bayan marar bangaskiya.

4. Idan bai ji ba, ku kai magana gaba: wurin mai unguwa da dagaci, sa'an nan ofishin walwala. Ku rubuta ranar da kuka je da wanda kuka gani, ku koma bayan mako guda, ku sake komawa. Amma idan ran yaro yana cikin hatsari, ko an ɗaure shi, ko an lalata yarinya, kada ku tsaya taron dattawa. Asibiti da 'yan sanda a ranar nan. Ekklesiyar da ta rufe irin wannan domin kare sunanta, ta sayar da sunan Ubangijinta.

5. Wanda ya ba da ɗansa riƙo ko aikatau, ya je da ƙafarsa ya gani. Waya ba ta isa ba, gama mai riƙon yana tsaye a kansa sa'ad da ya ke magana. Ka gan shi kai da shi kaɗai, ka ga inda ya ke kwana, ka ga littattafan makarantarsa. Idan hankalinka bai kwanta ba, ka komo da abinka. Gara ku sha kunu tare.

Wannan alheri kuma kada ya tsaya a ƙofar majami'a. Yaron maƙwabcinka, ko wane ne ubansa, ko wace ce hanyar addininsa, Allah ne ya yi shi. Ka taimake shi ta hannun iyayensa da malaminsa da mai unguwa, a fili, ba da wata manufa a ɓoye ba. Isma'ilu ba shi ne ɗan alkawarin da Ishaku ya ke ba, duk da haka sama ta buɗe dominsa.

Ubangijinmu Yesu ya ɗauki ƙaramin yaro ya tsai da shi a tsakiyar almajiransa, ya koya musu cewa karɓar irin wannan da sunansa, karɓarsa ce shi kansa. Cikin Matta sura 25 kuma ya nuna mana ranar shari'a. Waɗanda aka kayar a ranar nan, ba a ce sun doki kowa ba. Sun ga mai yunwa da mai ƙishi da marar lafiya, suka wuce. Laifinsu sakaci ne.

Kai mai karatu, na tabbata tun da ka fara karanta wannan shafi akwai fuskar wani yaro da ta zo maka a zuciya. Ka san gidan, ka san sunan. Kada ka bari makon nan ya ƙare ba ka taka ƙofar ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka ga yaron nan cikin jeji, ka buɗe kunnuwanmu mu ji waɗanda suka gaji da kuka. Ka ƙarfafa iyayen da ruwansu ya ƙare. Ka ba masu mulkinmu da ma'aikatan asibiti da na walwala zuciyar tausayi da ƙarfin aiki. Ka cire mana tsoron mutum, ka ba mu haƙurin komawa har yaron ya tsaya da ƙafafunsa. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.